Ranar da Aka Auna Hannun Mahmud

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na huta ba. Duk ƙawar da ta shigo ɗakinmu, kafin ta ajiye mayafi sai ta ce, "Safiya, ba mu labari. Kin ga dala? Kin ga gawar Fir'auna? Da gaske ne ba sa barci?" Nakan ce na ga dala, ta fi yadda take a hoto girma, ta kuma fi shiru. Daga nan sai su koma gwada abayoyin da na zo da su. Abin da na fi riƙewa daga tafiyar nan ba ya faɗuwa ana cikin hayaniya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Gwaggo Rabi ce sanadin tafiyar. Ƙanwar Babanmu ce, ta daɗe a Alƙahira tare da mijinta Baba Lawal, wanda yake aikin tafinta a ofishin jakadancinmu. A farkon shekarar 2014 aka yi mata aikin yanar ido, ga shi ba ta da 'ya mace da za ta tsaya mata. Ni kuma na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, ba abin da nake yi sai karance-karance da kallon inuwar darbejiya a tsakar gida. Babanmu ya ce in shirya.

Yaya Sani ne ya kai ni Kano daga Zariya. Inna ta cika mini jaka da kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da kilishi, har kayan sawata suka rasa wurin zama. A jirgi na samu wuri kusa da wata Hajiya 'yar Gusau da za ta je ganin likitan gwiwa. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma da jirgi ya ɗaga sai ta damƙe hannuna tana salati, ba ta sake ni ba sai da aka kawo abinci. Ta leƙa taga ta ga hamada shimfiɗe ba iyaka, ta ce, "'Yar nan, duk wannan fili ba mai noma shi?" Ni ma na leƙa. Rairayin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar zanen da aka wanke ba a goge ba. Na daɗe ina kallo ban ga ko inuwar itace ba.

A filin jirgin Alƙahira, bayan an buga mini hatimi an duba katin rigakafi, wani jami'i mai gashin baki ya buɗe jakata. Hannunsa ya faɗa kan ƙullin daddawa. Ya kwance, ya kai hanci, ya ja da baya har ya taka abokin aikinsa. Ya tambaye ni mene ne wannan. Na tattaro duk Larabcin Islamiyyata, na shirya masa jimla cikakkiya da wasullanta, na ce abinci ne na mutanen ƙasata, ana sa shi a miya. Ya saurare ni kamar mai sauraron huɗuba, sannan shi da abokinsa suka fashe da dariya. Daga baya na gane cewa Larabcin littafi daban, na titi daban. Ya ƙulle daddawar da yatsu biyu ya ce in wuce, Allah ya ba masu ci haƙuri.

A waje wani dogon saurayi ya tare ni ya fizge jakar. Na kusa yin ihu.

"Baƙauyiya, ba ki gane ubangidanki ba?"

Mahmud ne, ɗan Gwaggo, taubashina. Rabona da shi tun yana ɗan guntu mai yawan kuka. Yanzu shekararsa goma sha bakwai, sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa.

Na ce, "Wane ubangida? Ɗan mace bawa ne ko a Masar. Ɗauki kayan, bawana."

Ya ce, "Yalla, mu je. Amma wallahi in wannan warin daga jakarki yake, a but ɗin mota za ki zauna."

Gidansu yana unguwar Dokki, a wani tsohon bene mai lif kamar kejin tsuntsu, wanda sai ka rufe ƙofa biyu da hannu kafin ya yarda ya motsa. Na tarar da Gwaggo da auduga a ido ɗaya. Ta shafa fuskata ta ce na yi kama da Babanmu lokacin da yake da kyau. Aikina kullum shi ne in ɗiga mata magani, in yi girki, in hana ta sunkuyawa, domin likita ya hana ta sunkuyo da ɗaukar nauyi da kuka.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki a makonnin farko. Mace ba ta sauka sayen kayan miya. Kwando take zurowa da igiya daga baranda, mai kaya ya zuba mata ta janye. Ranar da na fara gwadawa igiyar ta kuɓuce mini, kwandon ya sauka a kan mai gadin benen, Am Sayyid, yana tsaka da shan shayi. Ya ɗago ya ce, "Ma'alish," wato ba komai. Wannan kalma ita ce maganin kowace ɓarna a garin. Mota ta goge ka, ma'alish. An ɗauke ruwa, ma'alish. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Mu da za mu tambayi gajiya da sanyi da yara da kwanan baƙo, su kalma biyu sun wuce. Da farko na ɗauka fushi suke da ni.

Abincinsu wake ne safe da rana. Akwai ful, wake da aka dafa har ya narke, akwai ta'amiyya, ƙosai ne amma cikinsa kore. Wata maƙwabciya ta aiko mana da miyar da ta ce babu irinta a duniya, mulukiyya. Na buɗe kwano na ga lalo. Lalon da ke fitowa da kansa a bayan gidanmu, shi ne aka yi wa ado da tafarnuwa. Na ci na ji kewar gida ta taso mini har hanci.

Garin kuma bai gama natsuwa daga rikicin siyasa ba a lokacin. A wasu kwanonin titi za ka ga motar soja a tsaye da matasa a kanta suna hamma. Baba Lawal ya ce mini, "Safiya, ki kalla da ido, kada ki ɗauki hoto, kada ki tambayi kowa ra'ayinsa." Haka na yi.

A ɗakin Mahmud na fara ganin wata ƙatuwar safar hannu ta fata, kamar kunnen giwa, da farar ƙwallo mai jan ɗinki, tauri kamar dutse. Ya ce kayan besbol ne, wasan Amurkawa. Mutum ɗaya yana jifa, wani yana tsaye da sanda yana son ya buga, wani kuma yana tsugune a bayansa yana cafewa. Shi mai jifa ne. Tun yana ɗan shekara goma wani abokinsa na makaranta ya ja shi filin da 'ya'yan baƙi ke wasa a unguwar Ma'adi, bai ƙara barin wurin ba.

Ya ce a ƙasar masu wasan, duk shekara manyan kulob-kulob suna zama su zaɓi yaran da suka gama sakandare, bi da bi, kamar yadda yaran unguwa ke zaɓen 'yan bayansu kafin a fara ƙwallo. Amma kafin ranar akwai mutanen da aikinsu kawai su zaga su kalli yara, su auna su, su ce wane ya isa, wane bai isa ba. Mai horar da su, Kyaftin Ashraf, ya aika da bidiyon Mahmud, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane ya ce zai biyo ta Alƙahira ya gan shi da idonsa. In ya yaba, za a ɗauki Mahmud a wata makaranta a can ya yi shekarar ƙarshe, daga nan sunansa ya shiga cikin waɗanda za a iya zaɓa.

Na ce, "In bai yaba ba fa?"

Ya juya ƙwallon a hannunsa. "Baba zai ajiye aiki ƙarshen shekarar nan. Duk Zariya za mu koma. Ki gaya mini, a Tudun Wada wa zai tsuguna ya cafe mini?"



Ranar Juma'a ɗaliban ilimi 'yan ƙasarmu sukan zo daga unguwar Abbasiya su ci tuwon Gwaggo. Da suka ji labari suka sa shi a gaba. Wani ɗan Kano da suke kira Ustaz Kabiru ya ce, "Ya akhi, duk wasannin duniya ka rasa wanda za ka koya sai jifa? Ai da ka yi magana da mun kai ka Mina, can aƙalla akwai lada." Aka yi ta dariya. Amma da za su tafi shi ne ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya ce Allah ya sa baƙon ya ga abin da ake so ya gani. Gwaggo tana daga ƙofar kicin ta ce amin a hankali.

Ranar gwajin ni kaɗai na raka shi. Gwaggo ba ta fita rana saboda ido, kuma ko da lafiya ba ta taɓa zuwa kallonsa ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Baba Lawal ya ce aiki ya riƙe shi, amma na ga yadda yake jan carbi, na san ba aiki ba ne. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni a taragon mata, shi a na gaba. Babbar tashar tsakiyar gari a rufe take a lokacin, jirgi ya ratsa ta a hankali bai tsaya ba, na ga benci-benci babu kowa. Wata tsohuwa ta ga na rikice, ta riƙe gefen hijabina har inda ake canza jirgi ta damƙa ni ga Mahmud kamar saƙo.

Filin yana bayan wasu dogayen itatuwa, an kewaye shi da waya. A gefe guda ƙananan yara suna nasu wasan. Na zaci Bature zan gani, sai na ga dattijo baƙi, mai furfura, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, da hular rana da ta sha jiki. Sunansa Mista Kalbin. Da a kasuwar Sabon Gari na gan shi da na gaishe shi da Hausa.

Bai fara da jifa ba. Ya sa Mahmud ya tsaya, ya zaga shi. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba tsawon yatsu, ya taɓa kafaɗa, ya tambayi tsayin mahaifinsa da na kawunnansa. Raina bai so ba, don ya tuna mini da masu sayen rago. Amma da na lura da fuskarsa sai na ga babu wulaƙanci a ciki, kallon likita ne. Ya sa shi gudu. Sannan ya koma bayan mai cafewa ya fito da wata na'ura irin wadda ake auna gudun mota da ita, ya ce bismillah da hannu.

Ban san wasan ba, amma na san kyau in na gan shi. Mahmud yakan tsaya cik, ya ɗaga gwiwa har ƙirji, ya yi kamar zai faɗi gaba, sai ka ji ƙwallo ta faɗa safar mai cafewa, tas. Duk inda aka ajiye masa safar, nan take sauka. Kyaftin Ashraf yana ta cewa, "Tamam, tamam," wato ya yi daidai. Ni kuma ina duban dattijon. Yakan kalli na'urar, ya kalli yaron, fuskarsa ba ta ce komai. Ya ce ya ƙara ƙarfi. Mahmud ya ƙara har na ji numfashinsa daga inda nake. Dattijon ya sake duban na'urar, ya sauke ta a hankali kamar mai ajiye kofin da ya huce. Ya ce a huta.

Mahmud ya zo kusa da ni, ya cire safar, ya karɓi kofin ruwa da hannun dama, ya tsuguna yana sha kamar yadda aka koya mana duka. A daidai nan ƙwallon ƙananan yaran ta gangaro ta tsaya a ƙafarsa. Suna can ƙarshen fili suna ɗaga hannu. Damansa na riƙe da kofi, don haka ya ɗauke ta da hagu, ya ɗan miƙe, ya wurga musu ba tare da ya ko duba ba. Ƙwallon ta tafi a miƙe kamar an ja zare, ta wuce kan yaran ta daki waya.

Mista Kalbin yana cikin magana da Kyaftin, sai ya katse ta. Ya taho da ɗingishinsa.

"Sake yi."

Mahmud ya ce, "Me?"

"Abin da ka yi yanzu. Da wancan hannun."

Mahmud ya yi dariyar kunya ya ce ai shi ba ya jifa da hagu, wasa ne kawai. Dattijon ya ce ya ji, ya hau wurin jifar. Ya hau. Ƙafafunsa suka rikice, bai san wadda zai ɗaga ba. Ta farko ta tashi sama ta wuce kan mai cafewa. Ta biyu ta daki ƙasa ta yi tsalle, mai cafewa ya kare fuska yana zagi da Larabci. Amma ko ni na ji bambancin. Ƙarar daban ce. Hannun yana fita sakwa-sakwa kamar bulala, babu yunƙuri, babu nishi, kuma ƙwallon in ta kusa isa sai ta karkace da kanta. A cikin jifa da yawa ɗaya tak ta shiga safar, ta yi wata ƙara da ta sa yaran can suka juyo.

Dattijon ya kalli na'urarsa ya daɗe. Sannan ya tambaye shi da wane hannu yake rubutu. Ya ce dama. Da wanne yake ci? Dama. Da wace ƙafa yake buga ƙwallo? Mahmud ya ce hagu. Kyaftin Ashraf ya dafe kai.

Ashe a aikinsu ba a yanke hukunci a fili kaɗai. Sai an je gida an ga iyaye, an ga inda yaro ya fito. Washegari da azahar Mista Kalbin ya zo Dokki. Gwaggo ta sa na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Da ta gan shi ta raɗa mini, "Ashe namu ne." Baba Lawal ya zauna da shi suna Turanci, ni kuma ina gefen Gwaggo ina juya mata maganar a kunne. Mahmud yana bakin ƙofa a kan dadduma, kansa a ƙasa.

Baƙon ya ɗauki cokali da hannun hagu. Gwaggo ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Ikon Allah. Dattijo da furfurarsa, ba wanda ya gyara shi?"

Na danne dariya. Ya yaba miyar, ya ci da gaske. Da ya gama ya goge baki, ya ce yana da tambaya ɗaya, a gafarce shi in ta yi nauyi. Yaron nan, bahago aka haife shi?

Baba Lawal ya dubi Gwaggo. Na juya mata tambayar.

Ta ce, "Ki ce masa ƙwarai. Tun yana rarrafe da hagu yake kai hannu. Amma mun gyara shi tun da wuri." Ta faɗi haka da 'yar alfahari, kamar mai ba da labarin yaye. Ta ce safa take sa masa a hannun ta ɗaure da ƙyalle tun safe, ba ta kwancewa sai zai kwanta. In ya miƙa hagu a kwano ta ɗan buge shi da bayan ludayi. Ya yi kuka na wani lokaci, daga baya ya daina. "Kada ya girma yana miƙa wa manya abu da hagu a ce ba shi da uwa. Ai kowace uwa haka take yi."

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce a wurinsu ma an yi haka a da, shi kansa ya sha rula a makaranta kafin a ƙyale shi.

Sannan ya yi bayaninsa, a hankali, yana tsayawa don in juya. Ya ce hannun daman Mahmud hannu ne da aka yi wa tarbiyya. Yana jin magana, yana kai ƙwallo inda aka ce, kuma duk wanda ya gan shi ya san yaron ya sha wahala a kansa. Amma ya kai iyakarsa, ba zai ƙara gudu ba, kuma masu irinsa a ƙasarsu ba sa ƙirguwa. Na hagun shi ne kyautar. Bahagon mai jifa kaɗan ne, kulob-kulob nemansu suke ido rufe. Da da wannan hannun ya fara tun yana ɗan shekara goma, da yau ba ya barin Alƙahira sai da sunansa. To amma hannun bai san komai ba. Jariri ne a jikin saurayi. Shi kuma ba zai iya cewa a ɗauki yaro a kan jifa ɗaya da ta shiga ba.

"Ba zan iya ba da sunansa ba. Ku yi haƙuri."

Wannan jimlar ban juya ta nan take ba. Gwaggo ta ce, "Me ya ce?" Na gaya mata.

Ana jin mai sayar da gas a titi yana buga tukunyarsa. Gwaggo ta gyara audugar idonta duk da ba ta goce ba. Can ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, "Ki tambaye shi. In an kwance yanzu, zai dawo?"

Na tambaye shi. Ya dubi Gwaggo kai tsaye, ba ni ba.

Ya ce bai sani ba. Wani abu zai dawo. Amma shekarun da hannu ke koyo yana ƙarami, bai taɓa ganin an maido su duka ba. In yaron ya samu shekara biyu ko uku da fili da mai horarwa, watakila. Ya san kuma ba su da waɗannan shekarun.

Mahmud ne ya fara tashi. Ya yi wa baƙon godiya, ya riƙe masa hula, ya raka shi har lif ya rufe ƙofofin biyu da kansa. Baba Lawal ya zauna yana kallon kwanukan. Ya ce, kamar da kansa yake, "An ce mu ci da dama, mu gaisa da dama. Ba a ce mu yi jifa da dama ba. Mu ne muka haɗa duka." Lokacin maganin Gwaggo ya yi, na kwantar da kanta a cinyata na ɗiga. Na ce, "Gwaggo, likita fa ya hana." Ta ce, "Na sani. Maganin ne yake zuba."

Bayan kwana biyu Mahmud ya kai ni bakin kogin Nilu da la'asar, wai kada in koma gida in ce bawana bai nuna mini komai ba. Muka sayi gasasshen dankali muka zauna a kan dakali. Ruwan yana tafiya ba gaggawa, jiragen fasinja masu kiɗa suna wucewa a kansa. Na ce ko yana jin haushin Gwaggo.

Ya ce, "Haushin me? Ita ma haka aka ce mata." Ya ɓare dankalinsa. "Kin san abin da ke damuna? Daɗin da na ji. Shekara bakwai ina jifa, kullum kamar ina tura ƙofa mai nauyi. Na zaci haka wasan yake ga kowa. Ranar nan sai na ji babu ƙofar ma. Da ban ji ba da ya fi mini sauƙi."

Na ce yanzu fa?

"Khalas, ya wuce. Kyaftin ya aro mini safar bahagwai. Zan yi ta jifa har ranar da za mu hau jirgi. Ba don wani zai zo ba. Ina so in san hannun nan kawai kafin mu tafi."

Idon Gwaggo ya warke, lokacin komawata ya yi. Da safiyar da zan tafi ta kira ni ɗaki tana cusa mini dabino da turare a jaka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Na ji a waya an ce ɗan Sani, Khalifa, da hagu yake kai hannu. Ki ce wa uwarsa in ji ni, ta koya masa ci da dama, da lallashi. Amma kada ta ɗaure."

Na iso Zariya da yamma, gida ya cika, ana ta buɗe tsaraba. Khalifa ya fito daga bayan uwarsa, Anti Zulai, yana tafiyar 'yan shekara biyu. A hannunsa na hagu akwai 'yar safa shuɗiya, an ɗaure ta da ƙyalle a wuyan hannu.

Na isar da saƙon a gaban kowa, na ba su labarin a taƙaice. Inna ta ce, "Rabi ce ta faɗi haka? Ita da ta fi kowa iya ɗauri?" Sannan ta ce, "To, Allah ya kyauta. Amma duk a kan wasan jifa?" Anti Zulai ta dubi Yaya Sani, Yaya Sani ya dubi wayarsa. Wata ta tambayi ko abayar mai duwatsu tata ce, hira ta koma can.

Na zaunar da Khalifa a cinyata, na ciro dabino ɗaya na nuna masa. Ya miƙo hannun mai safa da sauri. Sai ya tsaya, ya waiga ya dubi uwarsa, ya janye shi, ya miƙo na dama.

Anti Zulai ta ce, "Yauwa, ɗan albarka."

Na ba shi dabinon. Ɗaya hannun na riƙe shi a tafina yana ci, ina jin 'yan yatsunsa suna motsi a cikin safar.